TurboTax da kuɗin da jiha ta mayar: yadda take yi wa mai cike harajin Amurka daga Garwa ko Njamena

Duk shekara, tsakanin Fabrairu da Afrilu, akwai 'yan'uwanmu mazauna Amurka da lokacin cike takardar haraji ke riskarsu a gida. Wani ya zo azumi da sallah a Garwa, wani ya kawo iyali Marwa, wani kuma ya dawo Njamena da zama gaba ɗaya amma takardar ɗan ƙasa ko katin zama na Amurka na hannunsa. Amurka ba ta sakin irin waɗannan. Ko'ina suke a duniya, hukumar harajin tarayya, IRS, tana jiran takardarsu. Da yawa kan buɗe TurboTax, manhajar kamfanin Intuit, su cike ta intanet. Gaɓa ɗaya muka ɗauka daga aikin manhajar, wadda ta fi ruɗa mutane: kuɗin da jiha ta mayar maka bara saboda an yanki harajinta fiye da kima, shin zai shiga takardar tarayya ta bana a matsayin kuɗin shiga, kuma nawa daga ciki?

Lissafin TurboTax a wannan gaɓa daidai yake, muddin takardar bara na hannunta. Idan ba ta hannunta, abin da ka gaya mata shi za ta bi, kuma a nan ne mutane ke biyan harajin da ba a bin su.

Kafin a auna manhajar sai an san dokar da take bi. A takardar tarayya, kowa na da zaɓi biyu wajen rage kuɗin da za a ɗora wa haraji. Ko ya karɓi rangwamen bai-ɗaya da gwamnati ta yanka wa kowa, wanda a allon manhajar za ka ga an rubuta Standard Deduction, ko ya jero abubuwan da ya kashe ɗaya bayan ɗaya a takardar Schedule A: harajin jiha, harajin gida, ruwan bashin gida, sadakar da ya bai wa ƙungiyoyin da IRS ta amince da su. Wanda ya karɓi na bai-ɗaya bara bai ci wata riba daga harajin jihar da ya biya ba, don haka kuɗin da jiha ta mayar masa nasa ne, ko sisi ba ya shiga takardar tarayya. Haka ma wanda ya jera, amma a layi na 5a ya zaɓi harajin saye da sayarwa maimakon harajin albashi. Wanda ya jera harajin albashi na jiha kuwa, ya gaya wa tarayya cewa ya biya kaza, an rage masa a kan haka, daga baya jiha ta mayar masa da wani ɓangare. To wannan ɓangaren tarayya ke so ta ƙirga, amma iya gwargwadon ribar da ya ci kawai. Sashe na 111 na dokar haraji ne tushen wannan, kuma littafin IRS mai lamba 525 ya yi bayaninsa filla-filla.

Takardar da ke tayar da hankali ita ce 1099-G. Jiha ce ke fitar da ita zuwa ƙarshen Janairu. Akwati na 2 na nuna kuɗin da aka mayar, akwati na 3 na nuna shekarar da kuɗin ya shafa. Zuwanta ba ya nufin ana binka haraji. Jiha na fitar da ita ne don ta sanar, kuma ta aika wa IRS kwafi. Jihohi da dama, har da New York, sun daina turo ta a gidan waya, sai ka shiga shafin hukumar harajin jihar ka sauke. Wannan ya yi wa na gida daɗi, domin wasiƙar da aka jefa a akwatin gidan haya a Bronx ba za ta iso Ngaundere ba. Mazauna Texas ko Florida ma ba ruwansu da wannan magana, jihohinsu ba sa karɓar harajin albashi.

A cikin TurboTax, wurin yana ƙarƙashin ɓangaren tarayya, sashen albashi da kuɗin shiga, a rukunin da suka kira Other Common Income. Hanya mafi sauri ita ce ka rubuta 1099-G a wurin bincike ka bi inda ta kai ka, amma ka lura: lambar takardar ɗaya ce da ta kuɗin rashin aiki, wanda ke akwati na 1. Wanda ya zuba kuɗin akwati na 2 a gurbin rashin aiki, manhajar za ta ɗora masa haraji a kan dukkansa ba tare da ta tambaye shi komai game da bara ba. A gurbin da ya dace, za ta tambayi sunan jiha, shekarar harajin, adadin da aka mayar, jimillar abin da ka biya jihar a waccan shekara, da ko akwai wani biyan da ka yi bayan 31 ga Disamba. Daga nan sai babbar tambaya: bara ka jera ko ka karɓi na bai-ɗaya?

Wanda ya yi amfani da TurboTax bara da asusu ɗaya, nan ne zai ga amfanin kuɗinsa, don ta riga ta kwaso alƙaluman Schedule A ta ajiye, tambayoyin ma kaɗan za ta yi. Wanda wani ofishi ya cike masa bara, ko ya yi da wata manhaja, sai ya ɗora mata kwafin takardar bara ko ya shigar da alƙaluman da hannu. Kada ka amsa da ka. Buɗe takardar bara ka duba layi na 12 na Form 1040, wato babbar takardar harajin tarayya. A takardar 2024, in ka ga dalar Amurka 14,600 ga mutum ɗaya, ko 29,200 ga ma'auratan da suka haɗa takarda, ko 21,900 ga mai riƙe da gida, rangwamen bai-ɗaya ne, zance ya ƙare. In ka ga wani adadi dabam kuma akwai Schedule A a cikin takardun, layuka uku za ka fito da su: 5d, 5e da 17.

Ga dalilin da ya sa waɗannan layuka ke da muhimmanci. Daga 2018 zuwa 2024 doka ta taƙaita abin da za a iya ragewa na harajin jiha da na ƙaramar hukuma zuwa dala 10,000, ko 5,000 ga mai aure da ya cike shi kaɗai. Layi na 5d shi ne abin da ka biya, 5e shi ne abin da aka yarda ka rage, 17 kuma jimillar duk abin da ka jera. A ɗauka wani direban babbar mota ne a Maryland, ba shi da aure. A 2024 an yanke masa harajin jiha da na gunduma dala 7,000, ya biya harajin gida 5,000. A 5d akwai 12,000, a 5e akwai 10,000. Da ruwan bashin gida na 8,000, layi na 17 ya zama 18,000. A 2025 jiha ta mayar masa da 1,500. Tun farko akwai 2,000 da ya biya amma ba a bar shi ya rage ba, kuma 1,500 bai kai wannan ba, saboda haka babu abin da zai shiga takardar 2025. Da 2,600 aka mayar masa, sai a cire 2,000, saura 600. Sannan a duba da nawa jerinsa ya zarce rangwamen bai-ɗaya: 18,000 a cire 14,600, ya ba da 3,400. Ƙaramin cikin biyun ake ɗauka, wato 600. Wannan ne zai hau layi na 1 na Schedule 1, takardar da ake rubuta sauran kuɗin shiga, ya gangara layi na 10, ya shiga layi na 8 na Form 1040. IRS ta fayyace irin wannan lissafi a hukuncinta mai lamba 2019-11.

Wani misalin ya fi faruwa da mutanenmu. Ma'aikaciyar jinya ce, an yanke mata harajin jiha 6,200, ta ba masallacin unguwarsu mai rajista sadakar 9,000. Jimilla 15,200, ta ɗara na bai-ɗaya da 600 kacal. Jiha ta mayar mata 900. Ribar da ta ci daga jerawa duka-duka 600 ce, don haka 600 za ta shiga, 300 ba ruwan tarayya da su. In tana matakin kashi 22 cikin ɗari, harajin dala 132 ne, maimakon 198 da za ta biya in aka zuba 900 kai tsaye. (Sadakar da ake ragewa sai wadda ta shiga hannun ƙungiyar da IRS ta amince da ita. Kuɗin da aka turo gida don ginin masallaci a Kuseri ko don hatsin dangi, ladansa na wurin Allah, amma ba ya hawa Schedule A. Wanda aka jera masa irin wannan bara, matsalarsa ta wuce ta 1099-G.)

Dukkan waɗannan TurboTax na yin su lafiya. Tana kuma yin wani lissafi da mutane ke mantawa da shi: abin da za a ƙirga ba zai wuce bambancin da ke tsakanin harajin albashin da ka rage da harajin saye da sayarwar da ka iya ragewa a waccan shekara ba. Haka batun biyan Janairu. Masu aikin kansu, irin direbobin Uber da 'yan kasuwa, kan biya kashi na huɗu na harajin jiha a tsakiyar Janairun shekara mai bi. Wannan biyan ba a rage shi a takardar bara ba, shi ya sa ake raba kuɗin da aka mayar. In jimillar biya 4,000 ce, 1,000 daga ciki a Janairu, to kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka mayar ba kuɗin shiga ba ne. Ana cire shi ne daga harajin jihar da za ka jera a shekarar da ka yi biyan. Wanda ya tsallake tambayar "bayan 31 ga Disamba" ya yi asarar wannan.

Inda muka ga gazawarta shi ne ba ta nuna maka aikinta. A ta intanet, kafin ka biya, abin da za ka iya leƙawa shi ne Form 1040 da Schedule 1 zuwa 3, ta hanyar kayan aikin da ke gefen allo. Za ka ga adadin da ya sauka a layi na 1, amma takardar lissafin da ta haife shi sai bayan biya. Shawararmu ita ce ka yi lissafin a takarda kamar yadda muka nuna a sama, ka gwada da nata. In nata ya fito daidai da dukkan abin da ke akwati na 2 alhali 5d ɗinka ya fi 5e, akwai alƙalamin da bai shiga ba.

Akwai kuma abin da take tambaya amma ba ta tsaya ta wayar maka da kai sosai ba. Mutum zai ce shi ai bai ga kuɗin jiha a asusunsa ba. Sai a duba a ga ko dai ya ce a tura su gaba a matsayin biyan shekara mai zuwa, ko jiha ta riƙe su a kan wani bashi, kamar kuɗin ciyar da yara ko tsohon haraji. A idon doka duk ya karɓa, kuma suna cikin akwati na 2. In jiha ta haɗo da ruwa saboda jinkiri, ruwan ba ya bin wannan lissafi, layi na 2b na Form 1040 yake tafiya, dukkansa. In kuma akwati na 3 ya nuna shekarar da ba ta takardar da ka cike bara ba, misali 2022, to Schedule A na 2022 za ka nemo, da rangwamen bai-ɗaya na waccan shekara.

Magidanta da matansu ke gida su karanta wannan da kyau. Wanda ke aiki a Ohio, matarsa na Marwa ba ta taɓa zama a Amurka ba, sau da yawa yana cikewa a matsayin mai aure shi kaɗai. Iyakarsa a waɗancan shekaru 5,000 ce, don haka tazarar 5d da 5e kan yi faɗi, kuma galibi kuɗin da aka mayar ba ya shiga. Matsalar na wurin turawa. Idan matar ba ta da lambar Social Security ta Amurka ko lambar haraji ta ITIN, turawa ta intanet kan cije, sai an buga takardar, a rubuta NRA, wato baƙuwar da ba mazauniyar Amurka ba, a gurbin lambarta, a sa hannu a aika. Daga ƙasar waje, takardar da ba ta tare da biya Austin ta jihar Texas take zuwa, kuma DHL na cikin kamfanonin da IRS ta yarda da ranar da suka karɓi saƙo. Sai dai adireshin da ake bai wa irin waɗannan kamfanoni dabam yake da na gidan waya, a duba shi kafin a rufe ambulan.

Ɗalibai kuwa TurboTax ba tasu ba ce sam. Ɗan Kamaru ko ɗan Chadi da ya shiga da bizar F-1, a shekarunsa biyar na farko baƙo ne a dokar haraji, Form 1040-NR yake cikewa. TurboTax ba ta yin wannan takarda, ita da kanta wata manhaja mai suna Sprintax take tura mutane. Bambancin ya shafi zancenmu kai tsaye: baƙo ba shi da rangwamen bai-ɗaya, kuma babu yarjejeniyar harajin kuɗin shiga tsakanin Amurka da Kamaru ko Chadi da za ta canja masa wani abu. Harajin jihar da aka yanke masa shi ne kusan kaɗai abin da yake ragewa. To in an yanke masa 310, ya rage su, jiha ta mayar masa 250, dukkan 250 ɗin na shiga takardar shekara mai bi muddin ragewar ta sauko masa da haraji. Ɗalibin da ya ji abokinsa mai katin zama ya ce "ai ba a sakawa", ya bi, an ɓatar da shi. Wanda ya gama karatu ya dawo Ngaundere ma, in an mayar masa da irin wannan kuɗi bayan dawowarsa, ya duba ko akwai takardar ƙarshe a kansa.

Batun aiki da ita daga nan gida. Manhajar na ajiye abin da ka shigar shafi bayan shafi, don haka ɗaukewar wuta a zafin Maris ba ya mayar da kai farko, ko da a waya kake da layin Orange ko MTN, ko Airtel da Moov ga na Chadi. Abin da ke tsayar da mutane shi ne lambar sirri da take turawa lokacin shiga. In a lambar wayarka ta Amurka aka ɗaure asusun kuma layin ba ya karɓar saƙo a nan, ka maƙale. Tun kafin ka taso ka tabbatar imel ɗinka na cikin asusun kuma kana iya buɗe shi. Biya da katin bankin Amurka ake yi. Orange Money da MoMo ba su da gurbi. Akwai zaɓin a cire kuɗinsu daga abin da tarayya za ta mayar maka, amma da ƙarin caji, ba mu ga dalilinsa ba ga mai kati. Harshe kuma Turanci ne da Sifaniyanci. Wanda ya fi sakewa da Faransanci kada ya ga TurboImpôt ya ɗauka ya samu, wannan ta harajin Kanada ce. Masu son magana da ma'aikacinsu su tuna muna gaban New York da awa shida a hunturu, awa biyar daga tsakiyar Maris.

Wa'adi 15 ga Afrilu ne. Wanda gidansa da wurin aikinsa ke wajen Amurka na da ƙarin wata biyu zuwa 15 ga Yuni, amma ruwa na hawa kan abin da ake binsa tun daga Afrilu. Mai ziyara ba ya cikin wannan sassauci. Shi Form 4868 zai tura ya samu zuwa 15 ga Oktoba, kuma wannan jinkirin takarda ne, ba na biya ba.

Kuɗin TurboTax fa? Ta kyauta ga takarda mai sauƙi ce kawai. Mai Schedule A sai ya hau matakin Deluxe, takardar jiha kuma kuɗinta dabam, farashin na ƙaruwa in wa'adi ya matso, har su biyun su haura dala 100. Ga wanda harajin da ake magana a kai bai wuce dala 70 ko 130 ba, wannan tsada ce in don gaɓar nan kaɗai ya zo. Wata manhajar, FreeTaxUSA, na cike takardar tarayya kyauta har da Schedule A, ta jiha ƙasa da dala 20, kuma dokar lissafin ɗaya ce. Abin da TurboTax ta fi ta da shi shi ne ajiyar bara da tambayoyi masu jan hannu. Wanda ya shekara da shekaru a cikinta, kuma yana jerawa, ya zauna. Wanda bara ya karɓi na bai-ɗaya ba ya bukatar biyan kowa a kan 1099-G. Masu bai wa wani ya cike musu ta WhatsApp su duba ƙasan shafi na biyu na Form 1040: mai cikewa don kuɗi dole ya sa sunansa da PTIN, lambar da IRS ke bai wa masu wannan sana'a. Wanda ya ƙi sawa, ranar da wasiƙar IRS ta zo kai kaɗai za a gani.

Wannan gaɓa za ta ƙara nauyi. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta ɗaga iyakar daga 10,000 zuwa 40,000 a shekarar 2025, ga wanda kuɗin shigarsa bai wuce 500,000 ba. Direban misalinmu yanzu zai rage 12,000 ɗinsa gaba ɗaya, 5d da 5e su zama ɗaya, tazarar da ke kare shi ta tafi. Kuɗin da jiha za ta mayar masa a 2026 zai shiga takardarsa, iya abin da jerinsa ya zarce sabon rangwamen bai-ɗaya na 15,750. Wanda ya saba jin "ba komai" shekaru shida ko bakwai a jere kada ya danna wucewa a wannan karo.

In an riga an yi kuskure, gyara na nan ta fuska biyu. Wanda ya bar kuɗin da ya kamata ya saka, kwamfutar IRS kan haɗa takardarsa da kwafin jiha ta turo wasiƙa mai lamba CP2000, sau da yawa bayan shekara ko fiye, zuwa adireshin ƙarshe da ta sani. Wasiƙar shawara ce ta ƙarin haraji, ana iya ƙin yarda: ka mayar da amsa cikin wa'adin da ke jikinta, da kwafin Schedule A na shekarar da abin ya shafa da lissafinka. Wanda ya dawo gida ya tura Form 8822 ya canja adireshi, don wa'adin ba ya jiran sai an ɗauko maka hoton wasiƙar. Wanda ya saka kuɗin da bai kamata ba kuma, Form 1040-X zai cike, yana da shekara uku daga ranar da ya tura ta asali ya nemi kuɗinsa. TurboTax na yin wannan gyara ga takardar da aka cike a cikinta. In takardar bara ta ɓata gaba ɗaya, asusunka na shafin IRS na ba da kwafin alƙalumanta kyauta, har da na Schedule A, kuma a nan za ka samu adadin kuɗin shigarka da ake kira AGI, na layi na 11 na Form 1040, da ake nema kafin a karɓi takardar bana ta intanet.